Littafin da ya raba kan masu karatu: Agatha Christie ta yi maguɗi ne, ko wayo ta fi su?

A watan Yunin 1926 kamfanin ɗab'i na Collins da ke Birtaniya ya fitar da wani littafin binciken kisan kai mai suna The Murder of Roger Ackroyd, na marubuciya Agatha Christie. Shi ne ƙagaggen labari mai tsawo na uku da ta rubuta a kan Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam ɗin nan mai murɗaɗɗen gashin baki, wanda daga baya ya fito a littattafai 33 da gajerun labarai sama da 50.

Tun daga waccan shekara har yau masu karanta jerin littattafan Poirot ba su daidaita a kan wannan littafi ba. Wasu na cewa babu kamarsa a duk abin da matar ta rubuta. Wasu kuma na cewa cin amana ne tsagwaronsa, an karɓi kuɗinsu an yi wasa da hankalinsu.

Gardamar ta cancanci a sake duba ta, domin tambayar da ke cikinta ta shafi duk marubucin da ke da dogon labari da mabiya masu jiran ci gaba: me mai karatu yake bin marubuci, me kuma ba ya bin sa?

Gargaɗi ga wanda bai karanta littafin ba: babu yadda za a yi a tattauna wannan gardama ba a tona wanda ya yi kisan ba.

Abin da ke cikin littafin

Labarin ya faru ne a wani ƙagaggen ƙauyen Ingila mai suna King's Abbot. Wata mai takaba, Mrs Ferrars, ta mutu bayan ta sha maganin barci fiye da kima. Kafin ta mutu ta shaida wa attajirin da ke neman aurenta, Roger Ackroyd, cewa ita ta sa wa mijinta guba, kuma akwai wani da ya san sirrin yana tatsar kuɗinta da barazanar tona mata asiri. Ta rubuta masa wasiƙa ɗauke da sunan mutumin.

A daren da wasiƙar ta iso, aka tsinci Ackroyd a ɗakin karatunsa an soke shi da wuƙa. Zargi ya faɗa kan agolansa, Ralph Paton, wanda ya ɓace ba a san inda yake ba. Poirot kuwa ya yi ritaya, ya koma ƙauyen yana noman wani nau'in kabewa, sai 'yar ɗan'uwan mamacin, Flora, ta roƙe shi ya shiga maganar.

Wanda ke ba da labarin daga farko har ƙarshe shi ne likitan ƙauyen, Dokta James Sheppard, maƙwabcin Poirot. Shi ke raka shi wurin bincike, shi ke rubuta abin da aka gano. A shafukan ƙarshe sai ta bayyana cewa Sheppard ne mai tatsar kuɗin, shi ne kuma ya kashe Ackroyd. Wanda mai karatu ya riƙe wa hannu tun shafin farko, shi ne ɓarawon.

Hujjar waɗanda suka ce an cuce su

Bai kamata a yi wa masu wannan ƙorafi kallon marasa fahimta ba. Suna da hujja, kuma tana da nauyi.

A irin waɗannan littattafai an saba akwai mutum biyu: gwanin bincike da abokinsa mai ba da labari. Sherlock Holmes yana da Dokta Watson. Poirot yana da Kyaftin Hastings, wanda ya ba da labarin littattafai biyun farko, The Mysterious Affair at Styles na 1920 da The Murder on the Links na 1923. Wannan aboki shi ne idon mai karatu, shi ne kunnensa. Yana iya zama mai jinkirin ganewa, amma ba a san shi da ɓoye abu ba.

Christie ta tura Hastings Ajantina, ta zaunar da wani likita mai ladabi a kujerarsa. Ta san sarai masu karatu za su miƙa masa amanar da suka saba ba Hastings ba tare da sun tambayi komai ba. Masu ƙorafi suna cewa idan har mai ba da labari zai iya zama makashi, to mai karatu ba shi da inda zai kafa ƙafa. Wasa ne da aka sauya dokarsa ana tsakiyar yi.

Jim kaɗan bayan fitowar littafin aka fara rubuta dokokin wannan fanni. A 1928 marubucin Amurka S.S. Van Dine ya fitar da ƙa'idoji 20. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika na Ingila da ke rubuta labaran bincike, ya fitar da nasa guda 10. Ta farko a jerin Knox ta hana a mai da wanda aka bar mai karatu ya bi tunaninsa ya zama mai laifin. Wata kuma ta hana abokin mai bincike ɓoye abin da ke ransa. Duk wanda ya karanta Roger Ackroyd ya san littafin ya taka waɗannan biyun.

Ina ƙaryar take?

Sai dai akwai tambaya guda da masu ƙorafi ba su iya amsawa: a wane shafi Sheppard ya yi ƙarya ga mai karatu?

Ya faɗa da bakinsa cewa an kawo wasiƙar da ƙarfe 8:40 na dare, ya kuma bar ɗakin da ƙarfe 8:50. Bai faɗi duk abin da ya wakana a cikin mintuna goman nan ba, kuma mai karatu bai tambaya ba. Ya faɗa cewa agogon coci ya buga ƙarfe tara lokacin da ya iso ƙofar shiga harabar gidan, alhali an nuna tafiyar minti biyar ce daga gidan zuwa ƙofar. Ina sauran minti biyar suka tafi? A fili aka ajiye lissafin.

An nuna cewa Sheppard mutum ne mai sha'awar kwance na'urori yana ɗaurawa a wani ɗan ɗaki na gidansa. An nuna cewa ya yi asarar kuɗi a harkar saka jari. An nuna jakar likitancinsa da ba ya rabuwa da ita. An nuna wata kujera da aka janyo daga jikin bango a ɗakin da aka yi kisan, abin da Poirot ya yi ta nanatawa har ya gundure mutane.

Duk waɗannan su suka haɗu suka ba da amsa. Muryar Ackroyd da aka ji da ƙarfe 9:30, wadda ta sa kowa ya ɗauka yana raye a lokacin, daga na'urar naɗar murya ta fito, kujerar kuma ita ta kāre na'urar daga idon mai shigowa. Kiran wayar da ya dawo da likitan gidan cikin dare shi da kansa ya shirya shi, don ya zama cikin na farko da za su shiga ɗakin ya ɗauke na'urar a jakarsa.

Dorothy L. Sayers, wadda ita ma gwana ce a fannin, ta goyi bayan Christie, a kan cewa aikin mai karatu ne ya zargi kowa da kowa. Nan ne gaskiyar take. Christie ba ta ɓoye ko alama ɗaya ba. Ta dai bar mai karatu da zatonsa, zaton ya kai shi ya baro.

Duk wanda ya taso a gidan da ake kacici-kacici da dare ya san wannan doka. Mai kacici-kacici yana da damar ya karkatar da hankalinka, ya sa ka duba gabas alhali amsar na yamma. Abin da ba shi da dama shi ne, bayan ka gaza ka ba shi gari, ya kawo amsar da ba ta dace da siffar da ya bayar ba. Idan amsar ta zauna daram a kan kowace kalma, to wanda ya ba da gari ba shi da ƙara, ko da ransa ya sosu.

Wannan ba ya nufin littafin ba shi da aibu. Shirin likitan ya dogara ne ga abubuwa da yawa da dole su faɗo daidai a cikin 'yan mintuna, kuma na'urar da ke tashi da kanta a ƙayyadadden lokaci tana buƙatar mai karatu ya ɗan kau da kai. Yadda Poirot ya buɗe wa mai laifin ƙofar kashe kansa don kare mutuncin 'yar'uwarsa Caroline, maimakon ya bari shari'a ta yi aikinta, shi ma abin suka ne na haƙiƙa. Amma waɗannan daban suke da zargin maguɗi.

Abin da sabo ke yi wa mai karatu

Dabarar Christie ba za ta yi tasiri haka ba da littafin shi kaɗai yake tsaye. Ta yi aiki ne saboda yana cikin jeri. Wanda ya karanta Poirot biyu ya riga ya san tsarin gidan: ga inda ake zama, ga wanda ake yarda da shi, ga wanda ake zargi. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma a kan wannan turke aka ɗaure masu karatun 1926.

Mai bin dogon jeri yana son abu biyu da ba sa shiri da juna. Yana son ya tarar da jarumin da ya sani yadda ya bar shi, yana kuma son a ba shi mamaki. Idan marubuci ya ba shi na farko kawai, zai ce littattafan duk sun zama ɗaya. Idan ya ba shi na biyu da ƙarfi, zai ce an ɓata masa abin da yake so. Saboda haka ra'ayin da mutum ya bayar a daren da ya rufe littafi, zuciya na tafasa, ba shi ne ma'auni ba.

Ma'aunin labarin bincike shi ne karatu na biyu. Idan ka koma shafin farko kana sane da amsar, sai ka ga ko ginin zai tsaya ko zai rushe. Roger Ackroyd na cikin 'yan ƙalilan da karatu na biyu ya fi na farko daɗi, domin kowace jimlar likitan takan fito da wata fuska da ba a gani ba da farko.

Lokaci ya tabbatar da haka. A 2013 ƙungiyar marubuta labaran laifuka ta Birtaniya ta yi ƙuri'a tsakanin 'ya'yanta, suka zaɓi wannan littafi a matsayin wanda ya fi kowane a fannin. A 2015 da aka tambayi masu karatu na duniya wanne suka fi so cikin littattafan Christie, ya zo na uku, bayan And Then There Were None da Murder on the Orient Express. Matar da aka ce ta karya doka kuwa ita ta shugabanci Detection Club, ƙungiyar manyan marubutan fannin da aka kafa a 1930, daga 1957 har rasuwarta.

Ko maƙiyan fannin ba su iya kauce wa littafin ba. A 1945 mai sharhin adabi na Amurka Edmund Wilson, wanda masu karatu suka yi wa ruwan wasiƙu saboda ya kushe labaran bincike, ya mai da musu martani a mujallar The New Yorker da maƙalar da ke ɗauke da sunan Roger Ackroyd a takenta. A 1998 kuma wani malamin adabi na Faransa, Pierre Bayard, ya rubuta littafi sukutum yana jayayya cewa Poirot ne ya yi kuskure, ba likitan ya yi kisan ba. Littafin da ake ta ja-in-ja a kansa bayan shekara 70 da fitowarsa bai cuci wanda ya saye shi ba.

Amma masu karatu ma sukan yi daidai

Akwai misalin da ke ƙalubalantar wannan matsayi, kuma adalci ne a kawo shi.

A watan Disamban 1893 Arthur Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes. Yana ganin jarumin na hana shi rubuta littattafan tarihi da ya fi ɗauka da muhimmanci. Sai ya jefa shi cikin kwazazzabon ruwa na Reichenbach a ƙasar Suwizalan tare da abokin gabarsa Farfesa Moriarty, a labarin The Final Problem. Masu karatu suka yi ca a kansa da kuma mujallar Strand da ke buga labaran.

Doyle ya daure shekara takwas. A 1901 ya fara fitar da The Hound of the Baskervilles, yana mai cewa abin ya faru ne kafin mutuwar Holmes. A 1903 ya dawo da shi da rai ɗungurungum. Wannan littafi na 1901 shi ne mutane da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyau cikin dogayen labaran Holmes huɗu. Da Doyle bai saurari masu karatu ba, da babu shi. Littattafan tarihin da ya fi so kuwa, kaɗan ne ke neman su yau.

To me ya bambanta wannan da na Christie? Masu karatun Doyle sun gaya masa abin da suka fi shi sani: cewa har yanzu akwai rai a jikin jarumin, kuma ba su ƙoshi ba. Wannan hukunci nasu ne, su ke da shi. Masu ƙorafi a kan Christie kuwa suna so ne su gaya mata yadda za ta gina labari, wa zai iya zama mai laifi, wa ba zai iya ba. Mai cin tuwo ya isa ya ce gishiri ya yi kaɗan. Idan ya ce shi zai riƙe muciya, sai tuwo ya yi gudaji.

Inda biye wa jama'a ya yi illa

Ita kanta Christie ta ɗanɗana ɗaya ɓangaren. Sanannen abu ne cewa ta gaji da Poirot tun da wuri, har ta ƙirƙiri wata marubuciya a cikin littattafanta, Ariadne Oliver, mai yawan mita a kan jarumin binciken da ta ƙaga ta kasa rabuwa da shi. Amma kasuwa na so, kamfanin ɗab'i ya saba fitar da sabon littafinta dab da Kirsimeti, sai ta ci gaba.

A farkon shekarun 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta rubuta littafin ƙarshe na Poirot mai suna Curtain, aka kulle shi a banki sama da shekara 30. Kafin a fito da shi ta ci gaba da rubuta wasu, kuma na ƙarshe-ƙarshen, irin su Elephants Can Remember na 1972, ko masoyanta sun yarda ba su kai na da ba. An saye su duk da haka. Masu karatun da suka yi hayaniya a kan littafinta mafi ƙarfi, magadansu sun karɓi masu rauni hannu bibbiyu, saboda sun zo da abin da aka saba.

Da Curtain ya fito a 1975, Poirot ya mutu a ciki, jaridar The New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafinta na farko kamar wani mutum na gaske. Christie ta rasu ranar 12 ga Janairun 1976. Daga baya iyalanta suka amince wa marubuciya Sophie Hannah ta ci gaba da rubuta sababbin labaran Poirot, ta fara da The Monogram Murders a 2014. Nan ma kan masu karatu ya rabu, tsakanin masu murnar dawowar jarumin da masu ganin ya kamata a bar shi inda mai shi ta kwantar da shi.

Darasi ga masu dogon labari

A zamanin Christie, ra'ayin mai karatu yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso ta gidan waya, kuma ya tarar an riga an buga littafin. Yau marubutan Hausa da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad suna samun martani kafin su ajiye waya. Haka masu shirya fina-finai masu dogon zango, irin su Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa, kowane mako masu kallo na bayyana abin da suke so ya faru da wane da wance. Matsin da Doyle ya ji a shekara takwas, marubucin yau yana jin sa a dare ɗaya.

Da a haka aka rubuta Roger Ackroyd, babi-babi ana karɓar shawara, da wuya ya kai ƙarshensa yadda yake. Da wani ya hango amsar ya watsa ta, ko kuma masu son likitan su matsa a sauya, marubuciyar ta ji tsoron rasa mabiya ta ɗora laifin a kan wani hadimin gida. Da an samu littafin da bai ɓata wa kowa rai ba, da kuma an manta da shi kafin shekara ta zagayo.

Mai karatu yana bin marubuci bashi guda, kuma bashi ne mai nauyi: kada a yi masa ƙarya, a shimfiɗa masa duk alamun da ake buƙata, amsar kuma ta dace da abin da aka shimfiɗa. Marubucin da ya fito da mai laifi daga sama a babin ƙarshe, ko ya tayar da matacce ba dalili don kawai a ƙara zango, ya ci wannan amana, kuma masu karatu na da gaskiya idan suka juya masa baya.

Abin da ba ya bin marubuci shi ne alkawarin cewa zatonsa zai tabbata. Wanda ya rufe The Murder of Roger Ackroyd cikin fushi, abin da ya fi masa shi ne ya koma babin da aka kawo wasiƙar nan, ya duba agogo, ya ƙirga mintunan da kansa kafin ya yanke wa marubuciyar hukunci.